Hannun Langa

Kafin in san akwai wani abu a duniya wai shi karate, langa na sani, kuma a langa taubashina ya fara fasa mini baki. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana. Wata huɗu ya ba ni, gidansu kuma yana bayan namu a Filinge, katanga ɗaya ce tsakani. Idan la'asar ta yi sanyi, mu yaran unguwa mukan gangara cikin rairayin dallol, busasshen kwarin nan na bakin gari, mu rabu gida biyu. Kowa ya naɗe ƙafarsa ta dama ta baya, ya kama babban yatsan da hannun hagu, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya. Daga nan sai tsalle da karo. Wanda ya faɗi ko ya saki yatsansa ya mutu, sai ya koma gefe ya yi kallo. Bayan wannan babu wata doka. Kana iya bugun mutum da kafaɗa, ko da ƙirji, ko da ka in ba ka da tausayi, mu kuwa a lokacin babu mai shi a cikinmu.

Taubashin nan nawa ba ya sakin yatsa. Na ga ranar da ƙarti biyu suka haɗa shi a tsakiya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Hancinsa ya fashe, jini ya wanke masa ƙirji, amma yana nan yana tsalle, hannun hagu a baya kamar an ɗinke shi da yatsan, har ya ratsa su ya wuce. Ni kuwa da ka ya same ni, muna shekara tara. Leɓena na ƙasa ya rabe biyu. Na zo gida ina ihu, bakina cike da jini da rairayi, na faɗa wa babana. Ya duba leɓen, ya yi dariya.

"Taubashinka na. Wasa na. Tahi ka wanke bakinka."

A wurinmu haka abin yake. Ɗan mace da ɗan namiji ba a shiga tsakaninsu. Ya zage ka, ya ƙwace maka hula, ya kunyata ka a gaban ƴan mata, ba ka da damar yin fushi, balle ka kai ƙara. In ka ɓata rai, kai ne za ka zama abin dariya. Shi kuwa ya iya wasan nan fiye da kowa. Tun muna ƙanana ya ce ni turmi ne, wai inda aka ajiye ni nan ake tarar da ni. Ina dariya tare da kowa, amma ko ɗaya ban zubar ba, duk tarawa nake yi.

Muna aji biyu na kolej wani tsohon soja ya ajiye aiki ya dawo garin, ya fara koyar da karate a farfajiyar gidan samari, wani fili mai daɓen siminti duk ya tsattsage. Metir muke ce masa, wato malam da Faransanci. Gajere ne, wuyansa ya fi cinyata kauri, kuma ba ya maimaita magana. Mu wajen talatin muka je ranar farko, kowa yana zaton kafin mako ya zagayo zai fara fasa bulo da hannu.

Wata guda cur bai koya mana naushi ko ɗaya ba. Awo ya yi ta yi mana. Ya ja layi da gawayi, ka haɗe ƙafafunka a kai ka yi tsalle gaba, ya auna da irin igiyar awon teloli. Ya ja layi biyu, ka yi ta gudu tsakaninsu kana taɓa ƙasa kana juyowa, yana duba agogo. Ka zauna ka miƙe ƙafa ka kai hannu ya wuce yatsu. Ka rufe ido ka tsaya da ƙafa ɗaya. Sai kuma wata jaka da ya cika da rairayi, ka rungume ta a ƙirji ka tura ta gaba iyakar ƙarfinka. Duk abin da ya gani yana rubutawa a wani kaye mai jan bango, irin littafin rubutun ƴan makaranta. Da wani ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi yaushe za a fara faɗa, sai da ya share masa ƙafa ya zube, sannan ya ba shi amsa.

"Karate ba shi ba kowa ƙahwa. Da taka kaka zakkuwa, ni dai in gwada ma inda za ka aje ta."

Kafin watan ya ƙare mun koma goma sha biyu.

Taubashina ya cinye awon nan kusan duka. A tsalle ya bar na biyu da taƙi guda. A gudun layi biyu, kafin in juyo sau ɗaya ya juyo sau biyu. A tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, Metir ne ya gaji da jira ya ce ya sauke, wasu na son a auna su. Shekarun langa ne suka fito, ko da yake Metir bai sani ba, domin shi a bariki ya girma, bai taɓa riƙe yatsansa ya yi tsalle ba. Ni kuma ina can ƙasan takarda. Tsallena gajere, juyina a hankali, jikina a sandare. Abu ɗaya na ci, jifan jakar rairayi, kuma da rata mai yawa na ci shi. Tun ina shekara goma nake jan guga a rijiyar gonarmu ta kan tudu ina shayar da dabbobi, rijiyar da sai ka saurara kafin ka ji guga ya taɓa ruwa. Na tsaya ina jiran yabo, ƙirji a buɗe.

Metir ya matsa kafaɗata, ya ce, "Ƙarhi kam kana da shi, awa na jaki. Amma nan ƙarhi ba shi cin maki."

Sai ya tsayar da ni a tsakiya don ya nuna wa kowa abin da yake nufi. Ban ga tasowar hannunsa ba. Iska kawai na ji ta buge mini ido, sai ga dunƙulensa tsaye a kan hancina, yana taɓa fata bai danna ba, ya kuma janye. Wannan shi ne kontrol, in ji shi. Hannu ya tafi da gudu, ya tsaya a bakin fata, ya dawo. Wanda ya riga kai hannu ko ƙafa inda ya dace shi ke da maki, wanda kuma ya zarce ya ji wa abokin karawarsa ciwo a fuska, an kore shi. Ranar na gane cewa abu ɗaya tak da Allah ya ba ni, shi ne abin da wasan nan ya haramta. Na ji haushi har cikin haƙorana.

Abin takaici, kayen nan mai jan bango ba ya ƙarya. Shekara biyu ina lura. Yadda sunaye suka jeru a awon tsalle da juyi, kusan haka suke jeruwa idan an fara karawa. Mai tsalle mai nisa shi ke shigowa daga inda ba ka zata ba, mai saurin juyi shi ke ficewa kafin ka ɗaga hannu, wanda ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya shi ke ɗaga ɗayar ya ajiye ta inda ya ga dama. Yau ni ma ina koyar da motsa jiki a wata makaranta, ina jan layi ina auna yara, kuma daga tsallen yaro na farko nakan san abin da zai iya. Ba na faɗa musu a gaban juna. Metir kuwa duk bayan wata uku sai ya sake awo, ya karanta da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa.

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Nakan tafi dallol ni kaɗai in yi ta tsalle cikin rairayi mai zurfi har cinyoyina su ɗauki rawa. A shekara guda faɗin yatsu huɗu na ƙaru. Taubashina yana can yana cin gyaɗa yana tsokanar mutane, ya ƙaru da abin da ya fi haka. Wajen buɗe ƙafafu kuwa, Metir yakan sa mu zauna mu ware su, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tsumagiyar geza. Wanda gwiwarsa ta ɗaga ya sha ta a cinya. Cinyoyina duk sun yi zane baƙi-baƙi.

Amma duk wannan bai kai karawa da taubashina ciwo ba. Nauyinmu ɗaya, don haka kullum mu ake haɗawa. Zai yi ta rawa a gabana, gaba da baya, sai kawai in ji bayan ƙafarsa ta dama a kan kunnena na hagu. Ba da ƙarfi ba. A hankali, tas, yadda ake kore wa jariri ƙuda. Yana sauke ƙafar sai ya raɗa, yadda ni kaɗai zan ji, "Turmi." Da ya doke ni da gaske da na fi samun sauƙi. Taushin nan shi ne zagin. Sau uku, sau huɗu a karawa ɗaya, yara na kwashewa da dariya, ni kuma dole in sunkuya in gaishe shi in an gama.

Wata rana wani yaro ɗan ajinmu, wanda ba mu haɗa komai ba, ya ɗauki kalmar turmin nan ya jefe ni da ita a bakin kasuwa, gaban masu sayar da gero. Shi ba taubashina ba ne. Naushi ɗaya na yi masa a baki ya zauna cikin buhuna, na hau ruwan cikinsa na ci gaba. Ban ji ihun mutane ba. Sai da mahauta biyu suka ɗaga ni sama, lokacin haƙorinsa ɗaya yana ƙasa, fatar yatsuna kuma ta yage. Babana ya ninka igiyar guga biyu ya jiƙa ta, ya zane ni har na kasa kwanciya da baya kwana huɗu. Metir ya hana ni zuwa wata guda. Ban yi nadama ba. A karo na farko na ga abin da hannuna ke yi idan bai tsaya a bakin fata ba, kuma abin ya yi mini daɗi.

Da damina ta shigo na dawo, sai wata jijiya ta ɓalle mini a matsematsi wajen buɗe ƙafa, Metir yana tsaye a kan gwiwoyina. Mako uku ina zuwa ina zama a gindin katanga ina kallo. A nan na ga abin.

Taubashina yana karawa da wani. Yana tsaye ƙafar hagu a gaba, hannun hagu a sama yana tsare fuska, yadda aka koya mana. Ya ɗaga ƙafar dama zai kai duka. A daidai lokacin, hannun hagun nan ya bar fuska ya zame baya, can wajen ɗuwawu, yatsun a buɗe suna lalube. Ƙiftawar ido ɗaya ne, ya dawo. Na ce ko idona ne. Ya sake ɗagawa, hannun ya sake tafiya. Sai da na kusa yin ihu. Yatsan ƙafa hannun yake nema. Shekara goma an koya masa cewa idan ƙafar dama ta bar ƙasa, aikinsa ya je baya ya kama ta, in ba haka ba mai shi ya mutu. Karate na shekara biyu bai goge wannan ba.

Idan ana gwaji a hankali, Metir yana ƙirgawa, hannun yana nan a wurinsa lafiya lau. Sai faɗa ya yi zafi yake gudu. Metir kuma idan yana alƙalanci ƙafar yake kallo da inda za ta sauka. Sauran yara duk baya suke ja idan ƙafar ta taso, babu mai lokacin duba hannu. Ni kaɗai na gane shi, domin na san hannun nan tun daga rairayin dallol.

Hanyarmu ta gida ɗaya ce. Ranar muka tafi tare, yana ɗingishi yana kwaikwayon tafiyata. Kalma biyar ta isa in faɗa masa, ko in faɗa wa Metir ya gyara shi da tsumagiya cikin mako biyu. Na yi shiru. Na ji kamar na tsinci wani abu a hanya, kuma nawa ne. Da na warke sai na cika buhu da rairayi na rataye shi a reshen gawo a gonarmu. Duk ranar da na je noma, in na ajiye hauya sai in tsaya gabansa. In ƙiyasta ƙafar ta taso, maimakon in ja baya sai in yi taku ɗaya gaba, cikin jikinsa, in saki hannun dama. Taku ɗaya ne kawai, ko mai nauyin ƙafa irina zai iya shi. Na yi ta yi har buhun ya fashe na sake wani. A raina ina cewa maki nake nema, zan tsaya a bakin fata. Amma gaskiya ita ce, duk daminar nan ban taɓa gwada tsayawa ba ko sau ɗaya.

Bayan an gama yankan gero Metir ya tara mu ya ce za a yi gasar matasa a Yamai, kuma an ba shi gurbin mutum ɗaya a nauyinmu. Mu biyu ne a nauyin. Bai ɓoye ba, ya ɗaga kayen ya ce takarda ta riga ta zaɓa, amma za a kara ranar kasuwa da la'asar, don kada wani ya ce an yi son kai. Ban taɓa zuwa Yamai ba. Motocinta kawai nake gani suna tashi daga tasha, kaya a sama har sun fi motar tsawo. Ina son zuwa ƙwarai. Amma abin da na fi so shi ne a karanta sunana sau ɗaya a sama da nasa.

Ranar mutane suka cika farfajiyar, ƴan kasuwa da suka tashi da wuri, da yara a kan katanga. Gwaggona ta zo da ƙwaryar furarta da ba ta ƙare ba, ta tsaya daga bakin ƙofa. Muka sa safar hannu guda biyu da ake da su, sirara, audugar cikinsu duk ta mutu. Babu abin tsare baki, babu tabarma a ƙasa, siminti ne. Muka sunkuya. Metir ya ce, "Ajime!", wato a fara.

Ban kai ga gyara tsayuwa ba na ji ƙafar a kunnena. Maki uku. Aka yi tafi. Muka koma layi, ya kashe mini ido ɗaya. Karo na biyu na ga hannun ya tafi, amma jikina ya riga ya ja baya da kansa, ƙafar ta sake samuna. Wannan karon da ya sauke ta bai ma raɗa ba, da ƙarfi ya ce "Turmi", har waɗanda ke kan katanga suka ji suka fashe da dariya. Na ji dariyar gwaggona a ciki. Kunnena yana zafi, idona ya rufe, ban ƙara ganin kowa a filin ba sai hannun nan na hagu.

Ya yi rawarsa, gaba, baya, gaba. Diddigensa na dama ya bar ƙasa. Hannun ya tafi.

Na yi takun. Na sa duk abin da guga ya ba ni, daga ƙugu har kafaɗa, kuma ban tsaya ba. Dunƙulena ya same shi a muƙamuƙin hagu, na ji ƙashin ya ba da hanya a ƙarƙashin yatsuna, da wata ƙara irin ta busasshiyar ƙwarya in an taka ta. A kan ƙafa ɗaya yake, babu abin da zai tare shi. Ya tafi gaba ɗaya, gefen kansa ya bugi siminti. Ƙafar da ya ɗaga ta faɗo daga baya tana karkarwa. Bakinsa ya koma gefe guda, jini yana fita da kumfa, haƙora biyu suna kan daɓe kusa da gwiwata. Idonsa a buɗe, amma baƙin ya shige sama.

Sai a lokacin na ji Metir yana cewa "Yame!", wato a tsaya, bayan babu sauran abin tsayarwa. Na ji ƙwaryar fura ta faɗi, na ji gwaggona ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ta a bakin mutum ba. Metir ya juya yaron a kan gefensa, ya sa yatsa ya kwashe jinin da ke bakinsa don kada ya shaƙe, ya ce a nemo amalanke. Sannan ya miƙe ya zo wurina. Mari ɗaya ya yi mini na ga ƙasa ta taso. Ya danne mini ƙirji da gwiwa, ya kwance ɗamarata ya fizge ta.

"Wanga ba kuskure ba na," in ji shi, a hankali. "Na ga takun. Kada in koma ganin ka nan."

A likitar garin, wato asibiti, suka ce ƙashin ya karye wuri biyu, ba aikinsu ba ne, sai Yamai. Kafin magariba mota ta tafi da shi, da gwaggona da mijinta. Gurbin gasar kuwa babu wanda ya cike shi.

Na koma gida na zauna a tsakar gida ina jiran igiyar guga. Har na cire riga. Babana ya shigo ya dube ni, ya wuce ɗaki. Washegari dattawan dangi suka zo suka zauna a zaure, ina jin su daga ciki. Taubasai ne, a wurin wasa ne, tsautsayi ne, ba a ɗaukar irin wannan a zuci. Wani ma ya tuna musu da leɓena, ya ce an yi ɗaya da ɗaya, aka yi ƴar dariya. Shi ke nan shari'ar ta ƙare. A kan haƙorin bare an zane ni har na kasa kwanciya, a kan muƙamuƙin ɗan'uwana ko tsawa ba a yi mini ba. Na so a doke ni. Na zagaya bayan rumbu na yi ta naushin bango har fatar hannuna ta buɗe, ƙasar bangon ta shiga cikin ciwon, amma ban ji sauƙi ba.

Bayan mako uku suka dawo. An ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya, ba ya iya buɗe baki. Likita ya ce kunnen hagu ba zai ƙara ji sosai ba, kuma kada wani abu ya sake bugun kan nan har abada. Karate ya ƙare masa, langa ma haka. Har yau in yana tauna, da gefe ɗaya yake yi, in kuma kana masa magana sai ya juyo maka da kunnen dama.

Kwana biyu ina ɓuya. A rana ta uku da hantsi gwaggona ta leƙo ta kan katanga.

"Kai, ba ka zakkuwa ka gai da ɗan'uwanka? Zaka ka kai mai kununai, hannuna da aiki."

Muryarta lafiya lau, ta karɓi hukuncin dattawa. Na karɓi kwanon na zagaya na shiga gidansu. Yana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya rame, fuskarsa ta kumbura gefe guda ta yi kore-kore. Akwai wata ƴar roba da yake zurawa ta gurbin haƙoran da suka fita, da ita yake shan komai. Kusa da shi kaye da biro, da su yake magana. Ya gan ni, idonsa ya yi dariya. Ya ja kayen ya rubuta, da irin rubutunmu na ƴan lakkwal, wato makarantar boko, Hausa da haruffan Faransanci, ya miƙo mini. Wai ashe turmi yana tashi.

Wannan ne na kasa ɗauka. Ina tsaye da kwanon a hannu na faɗa masa duka. Na ce ba sa'a ba ce. Na ce hannunsa na hagu yana gudu baya neman yatsa duk lokacin da ya ɗaga ƙafar dama, kuma shi na jira. Ya dube ni bai gane ba. Ya rubuta cewa ƙarya nake yi. Na ce ya gwada.

Ya dafa bango ya miƙe. Ya gyara tsayuwa, hannu a sama. Ya ɗaga ƙafar a hankali, hannun bai motsa ba, ya dube ni. Na ce ya yi da sauri, kamar da gaske. Ya yi. Hannun ya zame baya, yatsun a buɗe. Ya tsaya cak, ya juya kai yana kallonsa a inda ya same shi. Ya sake yi, ya sake yi, sau uku, duk da cewa kowane motsi yana taɓa masa muƙamuƙi har hawaye na fito masa. Sannan ya zauna. Ya daɗe yana kallon tafin hannun nan a kan cinyarsa kafin ya ɗauki biro.

"Toun yaouché ka sani?"

Na ce, "Tun damina."

Bai ƙara dubana ba. Ya yi rubutu layi biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin, ta kwanon rufi, da biron, yadda yake kiran uwarsa. Gwaggona ta zo tana goge hannu a zane. Ya miƙa mata kayen. Ita ba ta yi lakkwal ba, tun da suka dawo duk wanda ke kusa shi ke karanta mata. Ta juyo da takardar wajena.

"Mi yac ce? Kunun ya yi zahi?"

Na duba. Ina iya cewa i, kunun ne. Shi ba ya iya buɗe baki ya ƙaryata ni, kuma ya san haka, yana zaune yana kallon ƙasa yana jira. Na karanta mata yadda yake a rubuce.

"Ya san inda za a same ni tun damina. Bai hwaɗa min ba, aje shi yay yi."

Ta dubi ɗanta, ta dubi takardar, ta dube ni.

"Wa yas sani?"

"Ni, Gwaggo."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta miƙo hannu ta karɓe kwanon kunun daga hannuna, ta kama bakin zanenta ta goge inda yatsuna suka riƙe, sannan ta durƙusa ta ajiye shi a gaban ɗanta.